Ɗinki Ɗari da Takwas

Ni baduku ne, a bakin kwatar Nima nake zama,
tsakanin mai koko da mai gyaran rediyo.
Takalmi na sani, da laya, da kube.
Ranar da Mutaru ya ɗora mini ƙwallon nan a cinya,
fara, ta wage baki kamar kifin Chorkor,
sai na ce, wannan ƙwan wace tsuntsuwa ne?

Ya ce, Kawu, besbol ake ce mata.
Uku gare mu duk ƙungiya, biyu sun mutu.
Jan zare za ka sa, ɗinki ɗari da takwas.
In ka rage ɗaya, iska za ta sani.

Na san hannun tun yana jifan jemagun Talatin da Bakwai
in sun tashi da magariba sun rufe sama.
Na san shi a mangwaron Kanda,
dutse ɗaya, nunannu biyu, sai ƙafa.
Sau biyu Lantana na biyan gilashin torotoro
da cinikin wake da shinkafa,
tana cewa hannun nan sai ya kai mu caji ofis.
Filin jirgi ya kai mu.

Kafin nan akwai Koci Kwei,
mai usur a wuya da ɗingishi a hagu.
Shi ya tara ƙasa ya yi ɗan tudu a filin Kawukudi,
inda 'yan tamaula ke korarsu da la'asar.
Ya ce masa, ƙarfi ko jaki yana da shi,
kai koyi ƙarya da yatsu.
Nuna wa mai kulki ƙofa, ka shige ta taga.

Yana sha tara wani baƙo ya zo da na'ura mai kama da bindiga,
ya auna gudun jifar, ya cire hula, ya sake aunawa.
Lantana ta dangwala yatsa a takarda,
ta goge tawadar a bakin zane.

Damina biyu kuɗi na shigowa ta waya.
Aka sake kwanon ɗaki, ƙanwarsa ta shiga makarantar jinya.
Ƙarfe uku na dare mukan haɗa kai kan wayar mai rediyo
muna kallon wasan da ba mu san dokarsa ba.
Ya ɗaga ƙafa, mu riƙe numfashi.
Mai kulki ya doki iska, mu saki kabbara,
har ladan ya leƙo ya ga ko an yi asuba ba da shi ba.

Sai wani dare ya jefa, ya tsaya,
ya dubi gwiwar hannunsa
kamar an kira sunansa daga ciki.

Ya dawo cikin azumi da jaka ɗaya.
Ya naɗe hannun riga, ya nuna mini aikin likitansu.
Na sa tabarau, na bi da yatsa.
Sha huɗu. Ba laifi, in ji ni,
amma da ni ne da na matse na ƙarshen.
Ranar ya fara dariya tun saukarsa.

Ashirin da biyu yake yanzu,
wai a can har an fara kiran irinsa kwantai.
Unguwa ta rabu biyu:
masu cewa ya sayi babur ya kama haya,
da masu cewa baki ne ya kama shi.
Shi kuwa ana sallame asuba yana Kawukudi,
yana jifan tsohuwar tayar da ya rataya a katanga,
ashirin yau, ashirin da biyar jibi,
Koci Kwei bisa bokiti yana ƙirga da tsakuwa.

Mai na'ura ya ce zai biyo ta Akra bayan babbar salla.
Haka dai ya ce.
Ni ban san yaren na'ura ba.
Jiya dai Mutaru ya kawo mini ƙwallo huɗu,
duk sun ci ta gefe guda,
gefen da yatsansa na tsakiya ke dannawa.
Jan zarena ya ƙare.
Na aiki yaro Makola.